Ubangidan da ke Cikin Waya: Halin da Masu Aikin Manhaja ke Ciki

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau maganarmu a kan wani irin aiki ce da ya shigo mana ta cikin waya, matasanmu na Katsina da Daura kuma suka rungume shi hannu bibbiyu, wato aikin manhaja. Akwai direban da ya bar Ƙofar Ƙaura ya tafi Abuja yana ɗaukar fasinja ta Bolt ko Uber ko inDrive. Akwai yaron da ke kai saƙon abinci a kan babur a Legas. Ga kuma ɗalibar da ke zaune a ɗakinta a Batagarawa, tana yi wa wani kamfanin ƙasar waje aikin tantance hotuna da rubutu, ana biyanta da dala. Abu ɗaya ya haɗa su: manhaja ce ke raba musu aiki, galibi ita ke yanka kuɗin aikin, ita ce kuma ke iya tsayar da su dare ɗaya.

Abin bai daɗe ba a ƙasar nan. Uber ta fara aiki a Legas a 2014, ta shiga Abuja a 2016. A shekarar ce Taxify ta iso, wadda ta koma Bolt a 2019. Abin da ya ja matasa a fili yake: babu neman hanya, babu takardar wani babba, in kana da waya da lasisi da abin hawa ka samu abin yi. Wannan alheri ne, kuma gidaje da yawa da shi suke ɗora tukunya.

To, ina matsalar take? Tana cikin dogon rubutun nan da mutum ke dannawa ya ce ya amince, ba tare da ya karanta ba. A cikinsa kamfanin ya rubuta cewa kai ba ma'aikacinsa ba ne, abokin hulɗa ne mai cin gashin kansa. Daga wannan layi ɗaya duk sauran abubuwa suka biyo. Mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai shafe ka ba. Dokar fansho ta 2014 ta ce mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 10 cikin ɗari na albashi, ma'aikaci ya zuba kashi 8. Kai babu mai zuba maka ko kwabo. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi asusu a ƙarƙashin hukumar NSITF don wanda ya ji rauni a bakin aiki. Kai in ka karye a hanya, ba ka cikin lissafin. Wasu kamfanonin suna da ɗan inshora na lokacin da fasinja ke cikin mota, amma ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai, ranar babu ko sisi.

Mu a nan mun san aikin da babu albashi tun kafin waya. Ɗan kurkura yana karɓar keke a hannun mai shi, ya yi yini yana zagaye tsakanin Ƙofar Guga da babbar kasuwa, da yamma ya kai balas. Wannan tsari ma yana da nasa zalunci, ba na wanke shi. Amma mai keken mutum ne, an san gidansa. In taya ta fashe za ka ce masa, “Alhaji, yau a yi mini haƙuri.” In matarka ta haihu zai iya yafe maka balas na kwana biyu. In ya ƙwace keken ba bisa ƙa'ida ba, kana da kawu, kana da mai unguwa, kana da shugaban tasha da za su je su same shi. Manhaja ta ɗauki ikon ubangida gaba ɗaya, ta ajiye nauyinsa. Tana ganin inda kake, tana ƙirga sau nawa ka ƙi karɓar aiki, tana auna ka da taurarin da fasinja ya ba ka, amma ba ta da ƙofar da za a yi mata sallama.

Bari mu yi lissafi, a misali kawai. Mu ce fasinja ya biya Naira 5,000. Manyan kamfanonin sukan cire kamasho na kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari. In kashi 25 ne, Naira 1,250 ta tafi tun kuɗin bai shiga aljihu ba. A cikin 3,750 da ta rage za a sayi man da aka ƙona, har da na zuwa ɗauko fasinjan, wanda babu mai biya. A cikinta za a sayi data, a canza baƙin mai, a tara kuɗin taya da birki. In motar ta wani ce, ko an karɓe ta a kan biya sannu-sannu, mai ita yana jiran nasa a ƙarshen mako, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Lokacin da direban ya ɓata a gefen titi yana jiran waya ta yi ƙara, wannan ma kyauta ne. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Shi ya sa abin da ya faru ranar 29 ga Mayun 2023 ya fi yi musu ciwo. Ranar Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, zuwa ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Ɗan kurkura a Katsina washegari ya ƙara kuɗin kujera da bakinsa. Direban da farashinsa ke hannun manhaja kuwa sai ya jira kamfani ya ga dama. A watan Yunin shekarar ƙungiyar direbobin manhaja ta ƙasa, wadda aka sani da AUATON, ta kira yajin aiki, tana neman a ƙara kuɗin tafiya a kuma rage kamasho. Ƙungiyar ba ta daɗe da samun rajista ba a lokacin.

Sai kuma abin da direbobi suka fi tsoro: “An rufe mini akawun.” Mutum ya yi sallar asuba, ya wanke mota, ya kunna waya, ya tarar da saƙo cewa an dakatar da shi. Wata rana ƙorafin fasinja ɗaya ne, wata rana taurari ne suka yi ƙasa, wata rana na'urar tantance fuska ce ta kasa gane shi. Ya rubuta koke, amsa ta zo iri ɗaya da wadda ake tura wa kowa. Ba a zaunar da shi an ji ta bakinsa ba, kuma bashin mota bai tsaya ba. Wannan ne ya fi damuna a duk lamarin, domin ko a gaban alƙali ba a yanke wa mutum hukunci sai an saurare shi. Ga kuma haɗarin rai. An sha kashe direbobi a Abuja da Legas da Fatakwal, ɓarayi su yi shigar fasinja su kira mota. Ana tantance direba da lasisi da hoto da takardun mota, shi kuwa sau da yawa suna da lambar waya kawai yake gani.

Wani lokaci kuma ba mutum ɗaya ake rufewa ba, aikin ne duka ke watsewa. A ranar 1 ga Fabrairun 2020 gwamnatin Legas ta hana acaɓa a manyan sassan birnin, kamfanonin acaɓa na manhaja irin su Gokada da ORide suka rasa kasuwa, matuƙa da dama suka koma gida hannu rabbana. A Disambar 2023 manhajojin kai saƙon abinci na Jumia Food da Bolt Food suka daina aiki a Najeriya. A Maris ɗin 2024 Remotasks, inda matasa ke aikin horar da ƙirƙirarriyar basira, ta rufe ƙofa ga ma'aikatan Najeriya da Kenya. Mu ma muna da namu darasin: a Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro. Duk wanda abincinsa ke bin sabis a yankunan, daga mai POS zuwa mai aikin intanet, ya zauna.

Kada a ce haka abin yake a ko'ina, babu yadda za a yi. A Fabrairun 2021 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci cewa direbobin Uber ma'aikata ne da suka cancanci mafi ƙarancin albashi da hutu mai biya. Hujjar kotun mai sauƙi ce: kamfanin ke yanka farashi, shi ke tsara sharuɗɗa, shi ke hukunta direba. Bayan wata ɗaya kamfanin ya amince da hakan ga direbobi kusan 70,000. Kenya ta ƙayyade kamasho a 2022, kada ya wuce kashi 18. Tarayyar Turai ta zartar da doka a 2024 da ta hana a kori mutum bisa shawarar na'ura kaɗai, dole ɗan Adam ya duba. Mu kuwa babbar dokar ƙwadagonmu tun shekarun 1970 aka rubuta ta.

Ƙanena da ke shirin shiga wannan aiki, ban ce kada ka shiga ba. Amma kafin ka karɓi mota ko babur a kan bashi, ka tambayi mai shi a gaban shaidu: in an rufe mini akawun, ko na kwanta rashin lafiya, yaya biya zai kasance? A rubuta amsar. Kada ka dogara da manhaja ɗaya, ka yi rajista da biyu. Ka riƙa ɗaukar hoton lissafin kuɗinka duk mako, domin ranar da aka rufe ka ba lallai ka sake ganinsa ba. Hukumar fansho ta ƙasa ta buɗe tsarin ƙaramin fansho tun 2019 don masu sana'ar kansu, kana zuba abin da ya sawwaƙa, kuma jiharmu tana da hukumar taimakekeniyar lafiya da za ka je ka yi tambaya.

Wakilanmu na Katsina da Daura a Majalisar Tarayya kuma, abu uku muke nema ku kai zaure: a sa iyaka ga kamasho, a wajabta wa kamfanoni inshorar haɗari ga duk wanda ke musu aiki, kuma kada a rufe akawun ɗin kowa sai an gaya masa laifinsa, an ba shi damar kare kansa a gaban mutum mai rai.