Ganyen ɗori na Ailan: ɗaurawa ake yi, ba sha ba

Tun da wani bidiyo na shayin ganyen comfrey ya zaga waya, tambaya ɗaya nake ta samu: wai tsofaffin ƙasar Ailan da shi suke gyara karaya, mu ma mu dafa mu sha? To, a sauke tukunya tukuna.

Ga asalin labarin a gurguje. Daga 1937 zuwa 1939, hukumar tattara al'adun gargajiya ta Ailan ta sa yaran firamare sama da 50,000 su je su tambayi iyaye da kakanni, su rubuto. Littattafan da yaran suka rubuta suna ajiye a jami'a a Dublin. A ciki akwai ciyawa mai ƙaiƙayi, neantóg, da ake ci sau uku a watan Mayu don wanke jini. In ta harbe ka, ka murza ganyen copóg a wurin. Ga buachalán mai furen rawaya, kyakkyawa a ido, amma tana lalata hantar shanu da dawakai.

Yanzu ga inda ake tuntuɓe. Ganyen bidiyon shi ne comfrey, mutanen Ailan suna ce masa lus na gcnámh briste, wato ganyen karyayyun ƙasusuwa. Yawanci saiwar ake kankarewa, a kirɓa, a shafa a tsumma, a ɗaure kan targaɗe ko karaya. A waje, kan fata. Shan sa yana illata hanta, a hankali kuma, ba tare da mutum ya ankara ba.

Akwai wani ganye mai guba da ke kama da comfrey; a haɗa su biyun a gani. Wanne ne wanne? Ni ma sai da na ƙura ido. Mai gubar shi ne lus mór, wato foxglove a Turance, wanda daga danginsa ake samo maganin zuciya digoxin. A shekararsa ta farko ba ya fure, shi ya sa ake rikita su.  Gefen ganyen lus mór yana da ƙananan haƙora, jikinsa laushi kamar karammiski. Na comfrey gefensa sumul, gashinsa kaushi, yana ɗan sukar yatsa. Wanda ya dafa lus mór bisa kuskure, amai ne zai fara, sai bugun zuciya ya rikice, wani har ya riƙa ganin komai rawaya-rawaya. Wannan sai asibiti, da gaggawa, a tafi da ragowar ganyen likita ya gani.