Jawabin Maraba da Mai Girma Ministan Yankin Akra, Wanda Aka Gabatar a Madadin Al'ummar Nima

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai Girma Minista, babban baƙonmu na yau. Masu martaba sarakunan zango da sarakunan Ga, iyayen ƙasa. Malamanmu da limamanmu. Shugabannin masunta waɗanda suka taso tun daga Jamestown da Chorkor. Iyayenmu mata na kasuwa. Matasa da sauran jama'a, muna yi muku barka da zuwa, muna kuma godiya da wannan karamci.

Ranku ya daɗe, da labari ya iso cewa za ku kawo mana ziyara domin a tattauna batun gurɓacewar teku, wasu daga cikinmu sun yi mamaki, suna cewa me ya haɗa mutumin Nima da teku, alhali sana'armu fawa ce da ɗinki da tuƙi da fatauci, kuma babu kwalekwale ko ɗaya a unguwar nan. Amsar tana kwance a bayan gidajenmu. Babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Mamobi tana gangarawa ta haɗu da kogin Odaw a wajen Kwame Nkrumah Circle, shi Odaw ya zuba a tafkin Korle, Korle kuma ya amayar da duk abin da aka ba shi a cikin teku. Ledar da aka ƙulla koko a cikinta da asuba a nan, idan aka yi ruwan sama da hantsi, tana iya kwana a tarun wani masunci a Jamestown.

Duk wanda ya tsaya a kan gadar kwatar nan lokacin da hadari ya haɗu zai ga abin da nake faɗa. Da zarar an fara yayyafi, sai ka ga yara da 'yan mata suna fitowa daga lunguna da bokitai da buhuna a ka, kowa na sauri ya juye sharar gidansu kafin ruwa ya janye, domin ruwan ne kaɗai mai kwasar shara wanda ba ya neman kuɗi kuma ba ya saɓa alkawari. Baƙar leda, da ledar ruwan sha, da robar lemo, da fararen kwanonin da ake zuba shinkafa da wake, har da tsohuwar katifa, duk su bi ruwa. Ba na kare wannan ɗabi'a, kuma limamanmu sun sha yin huɗuba a kanta. Sai dai adalci ne a faɗa cewa lungunanmu ba sa shiguwa da mota, cewa kwantenar bola takan cika ta tumbatsa a bar ta kwana da kwanaki, kuma cewa matar da ke tallan ƙosai don ciyar da 'ya'ya biyar tana lissafin kuɗin mai aboboya, wato babur mai ƙafa uku da ke kwasar shara, da na makaranta a aljihu ɗaya.

Mun riga mun ga abin da toshewar magudanan ruwa ke jawowa. A daren 3 ga Yuni, 2015, ambaliya ta haɗu da gobara a wani gidan mai da ke Circle, mutum fiye da 150 suka rasa rayukansu, Allah ya jiƙan su. Shekara guda kafin nan, a 2014, kwalara ta kama dubban mutane a birnin nan, abin da ya sa gwamnati ta ware Asabar ta farko a kowane wata domin tsabtace gari. Wannan shi ne ɓangaren da muke gani a tudu. Abin da ya wuce Korle ya shiga ruwan gishiri kuwa, 'yan'uwanmu masunta ne ke ɗanɗana kuɗarsa.

Shugabanninsu suna zaune a nan, kuma sun fi ni sanin yadda ake jan taru tun da sanyin safiya, mutum ashirin ko fiye suna waƙa suna ja, sannan a buɗe shi a tarar leda da tsumma sun fi kifi yawa. Tsumman nan ma yana da tushe. Masu bincike sun ƙiyasta cewa tufafin gwanjo kusan miliyan 15 ne ke shigowa kasuwar Kantamanto a kowane mako daga ƙasashen waje, kuma wajen kashi 40 cikin 100 ba sa sayuwa, shara suke zama. Teku takan murɗe su su zama dogayen igiyoyi masu nauyi, waɗanda ke binne kansu cikin yashin gaɓa, suna kama farfelar inji, suna yaga taru. 'Ya'yanmu da yawa a wannan kasuwa suke neman abinci, wasu da dako, wasu da ɗinki, saboda haka ba rufe ta muke nema ba. Muna neman a tsaya a bakin tashar jiragen ruwa ta Tema a bambance tufafin da za a iya sawa da sharar da wasu ƙasashe suka rasa inda za su zuba.

Leda ba ita kaɗai ke kashe teku ba. Ƙananan kifayen nan da ake kira amane, waɗanda matan Chorkor ke bandawa a murhun da ya ɗauki sunan unguwarsu tun 1969, su ne naman talaka a ƙasar nan, domin kifi ne ke ba mutanen Ghana wajen kashi 60 cikin 100 na abincin gina jiki da suke samu daga dabbobi. Yau uwargida a Nima tana riƙe da kuɗin da a da ke cika mata kwano, amma 'yan ƙwayoyi ake ƙirga mata. Manyan jirage masu jan taru sun daɗe suna kwashe kifin da bai isa kamu ba, su daskarar da shi, su sayar wa kwalekwale a tsakiyar ruwa, cinikin da ake kira saiko, wanda doka ta haramta. A watan Yunin 2021 Tarayyar Turai ta sake yi wa Ghana gargaɗi a kan kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba. Masu kwalekwale sun amince da hutun kamun kifi na wata guda da aka fara ɗora musu a 2019, kuma tun kaka da kakanni ba sa fita kamun kifi ranar Talata. A ganina bai dace ƙaramin masunci ya ɗaure cikinsa don kifi ya hayayyafa, sannan babban jirgi ya zo cikin dare ya kwashe ba.

Yankin da kuke jagoranta yana da wuraren dausayi guda uku da aka shigar cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a duniya a 1992, wato bakin kogin Densu, da Sakumo, da Songor. A irin waɗannan wurare ne ƙananan kifaye ke girma kafin su fita teku, tsuntsaye masu ƙaura daga Turai ke sauka, kunkurun teku kuma ke hawowa gaɓar Ada da dare ya haƙa yashi ya saka ƙwai. Wannan kunkuru yakan haɗiyi leda yana zaton abincinsa ce, ta toshe masa ciki. Gine-ginen da ke cinye Sakumo kuwa ba talaka ne ke yin su ba.

Mai Girma Minista, buƙatunmu ba su da yawa. Muna roƙon a ƙara kwantenonin bola a Nima da Mamobi, a sanya ranar kwashe su wadda kowa zai sani kuma ba za ta tashi ba. Muna roƙon aikin da Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 200 dominsa a 2019, na gyaran kwarin Odaw, ya kai ga lungunanmu, a kuma kafa raga a kan kwatar nan da za ta tare shara kafin ta isa Circle. Akwai kuma tsofaffin mata da ke bin titi suna tsintar ledar ruwa su sayar a kan kilo. Idan aka samar musu wurin awo a cikin unguwa da farashin da ya san wahalarsu, za su yi aikin da wa'azi bai yi ba. Mu kuma sarakuna da limamai da shugabannin matasa mun ɗauki nauyin sa ido a kan gadoji ranar da aka yi ruwa, matuƙar akwai inda za mu nuna wa mutum ya kai shararsa.

Bayan an tashi daga nan, dattawa za su yi muku rakiya zuwa bakin kwatar domin ku gani da idonku, sannan shugabannin masunta su gabatar da nasu bayanin. Muna sake yi muku maraba, ku da 'yan tawagarku. Allah ya yi muku jagora a aikinku, ya mayar da kowa gida lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.