Minti Goma Daga Jidda: Yadda Taya Ta Kayar da Jirgin Alhazan Sakkwato

Ranar Alhamis, 11 ga Yulin 1991, da ƙarfe 8:28 na safe, wani jirgi ya tashi daga filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda zai tafi Sakkwato. Mutum 261 ne a ciki: fasinja 247, kusan dukkansu alhazan Najeriya da suka sauke farali suka kamo hanyar gida, sai ma'aikata 14. Ƙarfe 8:38, jirgin nan yana ƙasa yana ci da wuta, saura ƙasa da kilomita 3 ya kai titin da yake neman komawa ya sauka. Babu wanda ya fita da rai. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Assalamu alaikum, masu kallo. Idan aka ce jirgi ya faɗi, abin da ke fara zuwa ran mutum shi ne inji ya mutu, ko hadari ya taso, ko an dasa bam. Ko ɗaya babu a wannan labari. Injina huɗu ne a jikin jirgin, kuma lafiyarsu ƙalau ya tashi da su. Sararin sama garau yake. Abin da ya faro musibar nan abu ne da kowane direban mota ya sani, kowane mai faci a bakin titi ya sani: taya ce ba ta da isasshiyar iska.

Bari mu fara da jirgin kansa. Samfurin DC-8 ne, ƙirar Amurka, an ƙera shi a 1968. Lambar tafiyar ta Nigeria Airways ce, 2120, amma jirgin ba nasu ba ne. Na wani kamfanin Kanada ne mai suna Nationair, an ɗauko shi haya tare da matuƙansa da kanikawansa domin jigilar alhazai, kamar yadda aka saba a lokacin aikin hajji idan jiragen gida suka kasa ɗaukar jama'a. Kyaftin William Allan, tsohon matuƙin sojan saman Kanada, shi ne shugaban tafiyar. Mataimakinsa Kent Davidge ne ke riƙe da tuƙi a wannan safiya, sai injiniyan jirgi Victor Fehr a bayansu. Dukkansu ƙwararru ne, sun daɗe a aikin.

Wanda ya taɓa jiran jirgin dawowa daga Saudiyya ya san yadda wurin ke kasancewa. An gama hajji, guzuri ya ƙare, alhazai sun yi kwanaki a kan kayansu, kowa ya ƙosa ya ga iyalinsa. Kamfanin da ya karɓi kwangila shi ma a matse yake, domin idan ya yi jinkiri za a kwashi fasinjojinsa a ba wani. A cikin irin wannan matsi aka yi ta juya jirgin tsakanin Jidda da Afirka ta Yamma.

Tun ranar 7 ga Yuli, kwana huɗu kafin hatsarin, kanikawa suka auna tayoyin suka ga biyu ba su kai iskar da doka ta ƙayyade ba, taya mai lamba 2 da mai lamba 4. An shirya canza tayoyi a Akara, babban birnin Ghana. Sai saƙo ya zo daga manajan da kamfanin Nationair ya ɗora a kan aikin jigilar cewa an makara, a hanzarto da jirgin. Aka ajiye aikin. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da masu bincike suka gano daga baya a takardar da ake rubuta awon iska: an gyara alƙaluman, an mayar da su kamar komai daidai yake. A takarda taya lafiyarta ƙalau, a ƙarƙashin jirgi kuma tana nan yadda take.

Da safiyar tafiya, fasinja sun riga sun shiga, shugaban kanikawa ya nemi a kawo iskar naitirojin ya ƙara wa tayoyin. Ba a samu a kusa ba, nemo ta kuma zai ja lokaci. Manajan ya ce a bar maganar. Babu wata shaida da ta nuna an sanar da matuƙan.

Wani zai ce, to me ya hana a yi musu iska irin ta mota? Tayar babban jirgi ba a cika ta da iskar da muke shaƙa. Iskar nan tana ɗauke da oksijin, wato abincin wuta, kuma idan taya ta yi zafi sosai, robar tana fitar da tururin da zai iya kamawa daga ciki ya tarwatsa ta. An ga haka a ƙasar Meziko ranar 31 ga Maris na 1986, lokacin da tayar wani Boeing 727 na kamfanin Mexicana da aka cika da iska ta yau da kullum ta fashe a sama bayan birki ya yi zafi, mutum 167 suka rasu. Naitirojin ba ya ciyar da wuta, shi ya sa ake amfani da shi.

Yanzu ku dubi ƙafar jirgin da kyau, domin a nan zancen yake. Ƙarƙashin kowane fiffike akwai ƙafa mai taya huɗu, biyu a gaba biyu a baya, kowaɗanne biyu a kan sanda ɗaya. Taya ta 1 da ta 2 suna gefe da gefe a ƙafar hagu. Ku ɗauka mutum biyu ne suka tallabo buhun hatsi, ɗaya ya sassauta hannu. Buhun ba zai faɗi nan take ba, amma nauyin ya koma kan ɗayan. Haka aka yi. Ta 2 ce ba ta da iska, ta 1 ce ta sha wahala. Kuma saboda ta 1 ta tokare sandar, mai zagaya jirgi da ido ba zai ga ta 2 ta kwanta ba. Sai an sa mata geji, wato ma'aunin iska.

Jirgin ya cika maƙil da mutane da kaya da mai, ya yi doguwar tafiya a ƙasa daga inda aka yi lodi zuwa bakin titin tashi, a zafin Jidda na watan Yuli. Duk juyin da taya ta 1 ta yi, tana lanƙwasa fiye da ƙima, tana ɗaukar zafi, zarurrukan cikinta suna saki. Da aka ba jirgin wuta ya fara gudu, ba a je ko'ina ba ta fashe. Nan take ta 2 ta bi ta. Sai wilin ta 2 ya daina juyawa, ƙarfe ya riƙa gurzar titi cikin tsananin gudu, har ragowar robar ta kama da wuta.

A ɗakin tuƙi an ji ƙarar. Na'urar naɗar murya ta kama mataimakin matuƙi yana tambaya ko taya ce ta yi faci. Kyaftin ya tambaye shi ko yana taka birki ne, ya ce a'a. Suka ci gaba.

Kafin mu yi saurin ɗora musu laifi, mu fahimci yadda tashin jirgi yake. Akwai wani mizanin gudu da ake lissafawa kafin kowace tafiya, matuƙa na kiransa V1. Kafin a kai shi, ana iya taka birki a tsaya. Idan an wuce shi, sauran titin ba zai isa a tsaya ba, dole a tashi ko da matsala. Tayoyin nan sun fashe tun kafin a kai wannan mizani, wato da damar tsayawa. Amma horon da kamfanin ya ba su ya tanadi fasa tashi ne saboda abubuwa irin su mutuwar inji ko gobarar inji. Fashewar taya ba ta ciki. Ga kuma babban giɓi a jikin jirgin: babu na'urar da ke sanar da zafi ko wuta a ramin da tayoyi ke shiga. A saninsu, faci ne kawai, abin da za a duba idan an sauka.

Da jirgin ya ɗaga, suka yi abin da ake yi a kowace tafiya, suka naɗe ƙafafun. Wuta ce suka ɗauka da hannunsu suka sa a cikin jirgin suka rufe ƙofa, ba tare da sun sani ba.

Ramin tayoyin nan ba fanko ba ne. Ta nan wayoyin lantarki suka bi, da bututun man haidirolik da ke motsa sassan fiffike da birki, ga tankin mai na tsakiya a maƙwabtaka, ga kujerun fasinja a sama. Wutar ta riƙa cin su ɗaya bayan ɗaya. Abin da matuƙan suka fara gani shi ne iskar cikin jirgi ta ƙi riƙuwa, sai fitilun gargaɗi iri-iri da ba su da alaƙa da juna suka riƙa kamawa. Kyaftin ya nemi izinin dakatar da hawa sama. A nan aka ɗan samu ruɗani da hasumiya: ya kira sunan Nationair maimakon Nigeria, mai kula da zirga-zirga kuma ya ɗauka da wani jirgin Saudiyya yake magana, wanda shi ma ya kawo kukan matsalar iskar cikin jirgi. An yi kusan minti uku a haka, ko da yake masu bincike sun ce wannan bai canza komai ba.

Sai haidirolik ya tafi, jirgin ya fara ƙin juyuwa. Wani daga cikin ma'aikatan da ke kula da fasinja ya shigo ɗakin tuƙi ya ce hayaƙi ya turnuƙe a baya. A lokacin ne suka gane girman abin da ke tare da su. Kyaftin ya karɓi tuƙi, ya sanar da hasumiya cewa wuta ta kama su, ya juyo ya miƙe wa titi.

Abin da ya biyo baya yana da nauyin faɗa, zan taƙaita. Wutar ta cinye daɓen da kujeru ke kai. Da aka sauke ƙafafun domin sauka, ƙasan jirgin ya buɗe, mutane suka riƙa faɗowa daga tsayin kusan mita 670. Jikin jirgin ya riga ya raunana, tuƙi ya ƙwace, ya faɗi mita 2,875 kafin titi. Allah Ya jiƙansu, Ya karɓi hajjinsu.

Mu Musulmi ne, mun yi imani da ƙaddara, kuma babu ran da zai wuce wa'adinsa. Amma ina jin ciwo idan aka ɗauki kalmar ƙaddara aka rufe bakin mai tambaya da ita. Wanda ya koya mana tawakkali shi ne ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna. Hukumar jiragen sama ta Saudiyya ta yi bincike tare da masana daga Kanada da Amurka, kuma ku lissafa wuraren da suka nuna za a iya tsayar da abin. Da an ƙara iska ranar 7 ga wata. Da an canza tayar a Akara. Da an bar alƙaluman gaskiya a takarda. Da an jira naitirojin a Jidda. Da an gaya wa kyaftin. Da horonsu ya ce a tsaya idan taya ta fashe. Da akwai na'urar jin zafi a ramin taya. Ɗaya daga cikin waɗannan kaɗai ya isa ya sauya labarin. Haka yawancin haɗurran jirgi suke, ba a cika samun dalili guda ba. Ƙananan abubuwa ne ke haɗuwa, kowanne an raina shi, ɗan hakin da ka raina kuma shi ke tsone maka ido.

Manajan nan ma ban ɗauke shi mugu ba. Bincike ya nuna ba shi da horon da zai sa ya san haɗarin taya mai ƙarancin iska, amma aka bar shi da ƙarfin faɗa a ji a kan kanikawa. A ganinsa jinkiri ne babbar matsalar ranar. Shi da shugaban kanikawan duk suna cikin jirgin, suna cikin ma'aikata 14 da suka rasu. Da sun san abin da ke ƙarƙashinsu, da ba su hau ba. Laifin da nake gani ya fi girma yana kan tsarin da ya bar mai lissafin lokaci ya rinjayi mai riƙe da geji.

Shekara 15 bayan haka Sakkwato ta sake jiran jirgin da bai iso ba. Ranar 29 ga Oktoban 2006, Boeing 737 na kamfanin ADC ya tashi daga Abuja cikin mummunan yanayi, iska mai sauya alƙibla farat ɗaya ta kama shi, ya faɗi jim kaɗan da tashi. Mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Can taya, nan iska, amma a duka biyun an zo gaɓar da za a ce a dakata ko a tafi, aka tafi.

Bayan hatsarin Jidda, masu bincike sun ba da shawarar a sa na'urorin gano wuta a ramin tayoyi, a kuma koya wa matuƙa da kanikawa haɗarin ƙarancin iska da fashewar taya. Kamfanin Nationair bai daɗe ba, ya durƙushe a 1993. Har yau babu hatsarin DC-8 da ya ci rayuka kamar wannan, babu kuma na wani kamfanin jiragen Kanada da ya kai shi.

Cikin ma'aikata 14, an iya tantance gawar mutum 9. Fasinjoji 247 kuwa, rahoton binciken ya ce ba a yi yunƙurin tantance su ba.