"A Sa Sunana": Kuɗin Bincike Ba Watanda Ba Ne

[Allon waya. Saƙonni na ta faɗowa a wani zauren WhatsApp na malamai.]

Wannan saƙon da kuke gani, a makon nan kaɗai ya shigo mini ta zaure huɗu. "An buɗe tallafin bincike, miliyoyi ne, ana neman tawaga." To ku dubi abin da ya biyo baya. "A sa sunana." "Ni ma a sa ni." "Dakta, kada a manta da na gida." Wani bawan Allah ma har da lambar asusunsa ta banki ya turo, wai don a rage wahala in abin ya faɗo. Allah ya ba shi haƙuri, ko sisin kwabo ba zai shiga wannan asusun ba.

Bari mu yi sauri mu wuce abin da kowa ya sani.

[Gine-gine masu allon TETFund: Gubi, Kashere, Tudun Wadan Gombe.]

Duk wanda ya taɓa shiga ATBU a Bauchi, ko Jami'ar Tarayya ta Kashere, ko Jami'ar Jihar Gombe, ya ga wannan allon. TETFund ke nan, asusun da dokar 2011 ta kafa a gurbin tsohon asusun ilimi na ETF, wanda harajin ilimi da aka ɗora wa kamfanoni ya yi shekaru yana cika shi. Jami'o'i da foliteknik da kwalejojin ilimi na gwamnati yake yi wa hidima. Ban da gini, yana da ƙofofin bincike biyu da aka fi sani. Ƙarama ita ce IBR, wadda ake farawa daga cikin makarantarku. Babba ita ce NRF, gasa ce ta ƙasa baki ɗaya, kuma a zagayen baya aiki guda kan iya samun har naira miliyan 50. Ana fara tura gajeriyar takardar share fage ta shafinsu na intanet. In ta tsallake, a nemi cikakken furofozal, wato tsarin binciken da kasafinsa a rubuce. In shi ma ya tsallake, a kira ku ku kare shi baki da baki gaban kwamiti. Sharuɗɗan kowace shekara suna cikin sanarwar wannan shekarar, ku karanta da idonku, ba ta bakin mai turo saƙo ba.

Shi ke nan, mun gama da wannan. Yanzu inda ake faɗuwa.

[Jajiberin Sallah. Nama kashi-kashi a kan buhunan da aka shimfiɗa.]

Kalma ɗaya ce ke kayar da mutanenmu: haɗin gwiwa. Mun ɗauke ta watanda. A yanka sa, a kasa, kowa ya zo da ledarsa. Kai, watanda ma ai sai ka zuba kuɗinka kafin a ware maka kashi. Nan kuwa mutum sunansa kawai ya kawo.

[Aikin gayya a gona, matasa a jere da fartanya.]

Abin da masu tantancewa ke nema shi ne wannan. Gayya. Kowa da fartanyarsa, kowa da kunyar da zai kama daga wannan bakin gona zuwa wancan. Wanda bai kama kunya ba, shi zai sha kunya, kuma a gaban jama'a zai sha ta.

Mu tafi Kaltungo in nuna muku da misali.

[Hanyar Gombe zuwa Kaltungo. Duwatsu, gonaki, ƙofar asibitin sarar maciji.]

Duk ɗan Gombe ya san abin da ke kai mutane wannan asibitin. Kububuwa ce, wadda wasu ke kira gobe da nisa, kuma ba don wasa aka sa mata sunan ba. Dafinta hana jini daskarewa yake yi, sai ka ga mutum jini na fita ta dasashinsa. Manoma da makiyaya ta fi sara, musamman lokacin shuka da lokacin girbi. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sarar maciji cikin jerin cututtukan yankuna masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Maganin EchiTAb da aka sani a nan, ku ji yadda aka same shi. A Najeriya aka kama macizan. Aka kai su Libaful a Ingila aka tatsi dafin. Aka haɗa maganin iri biyu, ɗaya a Birtaniya da jinin tumaki, ɗaya a Kosta Rika da jinin dawakai. Sannan aka dawo Kaltungo, likitoci suka gwada su a kan waɗanda aka sara, aka buga sakamakon a 2010. Cire mai kama maciji, babu dafi. Cire likitan Kaltungo, babu wanda zai ce maganin na aiki a jikin ɗan Adam. Ba wanda aka sa don ado.

To mu ƙaddara mu ne za mu rubuta namu. Tambayarmu guda ɗaya: me ke sa wanda maciji ya sara ya makara zuwa asibiti, kuma me zai rage wannan jinkirin?

[Takarda a kan tebur. Hannu na zana layuka da biro.]

Kun ga wannan jadawalin? Tun kafin a rubuta ko gabatarwa ake cika shi. Suna a hagu, aiki a tsakiya, abin da mutum zai miƙa da watan da zai miƙa shi a dama.

Likita zai zauna da bayanan asibiti, ya fitar da awa nawa ke tsakanin sara da isowa, da abin da ya sami waɗanda suka makara. Masanin taswira zai ɗora ƙauyukan a kan taswira tare da hanyoyinsu, har da rafin da ke yanke hanya in ruwa ya sauka. Malama daga sashen nazarin zamantakewa ita za ta zauna da matan gida da makiyaya da masu maganin gargajiya. Kuma a nan ku kula, tana jin Tangale? Tana jin Fulatanci? In ba ta ji, wa zai yi tafinta, kuma an sa kuɗinsa? Sai masanin ƙididdiga, wanda mu muka saba kira bayan an gama komai, a ajiye masa tulin takardu a ce "Malam, a taimaka a fitar mana da wani abu." A'a. Shi zai faɗi tun farko gida nawa za a shiga kafin sakamakon ya zama abin dogaro. Sai ɗalibi ɗaya na digiri na biyu da zai fitar da kundinsa daga aikin, ba don ya riƙe wa kowa jaka ba.

Yanzu ku kalli yatsana.

[Babban yatsa ya rufe suna na biyu.]

Na rufe mai taswira. Me ya rushe? Ba mu san wane ƙauye ya fi nisa ba, rabin tambayarmu ta tafi. To ya cancanci wurinsa.

[Yatsa ya sauka kan suna na shida.]

Na rufe wannan. Me ya rushe? Babu. Gurbin aikinsa an rubuta "ba da shawara gaba ɗaya." Mai tantancewa ma haka zai yi da nasa yatsan, kuma shi bai san mutumin surukinka ba ne.

Na san inda gizo ke saƙar. Wannan suna na shida galibi babba ne. Ka je ofishinsa, ka rusuna, "Ranka ya daɗe, muna wani ɗan aiki ne, muna so a ba mu izini mu sa sunanka." Shi kuma cikin kyakkyawar niyya ya ce, "Bismillah, ku sa, Allah ya ba da sa'a." Bai karanta ba, kai ma ba ka so ya karanta. Sai ranar karewa, wani dattijo a kwamiti ya sauke tabarau ya ce, to shi Farfesa wane sashe yake riƙe da shi? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ni ba cewa nake kada a sa manya ba. Babban da ya san fannin, ya taɓa riƙe tallafi ya gama lafiya, alheri ne, sau da yawa ma shi ya kamata ya zama jagora. Amma a tafi masa da jadawalin nan, a bar gurbinsa a buɗe, a ce, "Ranka ya daɗe, ga yadda muka raba, wanne za ka riƙe mana?" Ba ka yi rashin kunya ba. In zai yi, zai zaɓa. In ba shi da lokaci, shi da kansa zai ce ku je ya sa albarka.

Daga jadawalin nan ne kasafin kuɗi ke fitowa, ba daga sama ba.

[Takardu biyu gefe da gefe.]

Ta hagu ta ce: zirga-zirga, miliyan kaza. Shi ke nan. Ta dama ta ce: ƙauyuka 12, ziyara 4 kowanne, masu tattara bayani 2. Ka ninka, kwanakin aiki 96 ke nan, ga kuɗin mai, ga na abinci, ga na tafinta, kuma duk suna ƙarƙashin aikin Malama mai nazarin zamantakewa. Ta hagu an fara da miliyan 50 ne aka yi ta cusa abubuwa har ta cika. Ta dama an fara da aiki ne aka ga nawa ya kama. Mutanen da ke karanta waɗannan takardun sun karanta ɗaruruwa, da kallo ɗaya suke gane wadda aka cusa.

Kuma ga abin da ɗan'uwanmu mai lambar asusu bai sani ba. Kuɗin ta hannun makarantar jagoran bincike yake bi. Kashi-kashi ake sakinsa, kuma kashi na gaba ba ya fitowa sai an ga rahoton aiki da bayanin yadda aka kashe na baya, da rasit. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. To in jagora yana Gombe, abokin aiki yana Bauchi ko Azare, ta wace hanya kuɗin aikinsa zai isa gare shi? Wa zai sa hannu? Wa zai tara rasit ya kai ofishin basa, wato ofishin kuɗi na makaranta? Kafin a tura furofozal ake zuwa wannan ofishin a tambaya, ba bayan an ci gasar ba.

Wannan ni jikina ya gaya mini. Shekarun baya na yi aiki da wani abokina daga wata makaranta. Ba mu rubuta komai ba, ai amana ce. Damina ta zo, takardar neman kuɗinsa tana yawo daga tebur zuwa tebur, shi kuma ya ga lokaci zai wuce, sai ya yi aikin filin da kuɗin aljihunsa. A kan acaɓa ya yi ta shiga ƙauyuka. To ɗan acaɓa na ba da rasit? Da aka zo lissafi, babu takarda ko ɗaya. Kuɗinsa ya maƙale, kashi na biyu ya maƙale. Har yau in mun haɗu a taro muna gaisawa, amma irin gaisuwar nan ta "ya iyali, madalla," kowa ya kama gabansa. Da mun buga ɗan fom tun farko, direba ya sa hannu ko ya dangwala, da ba a kai nan ba.

[Kofin shayi a kan tebur. Kyamara ba ta motsi.]

Nan hotuna sun ƙare mana, domin yarjejeniya ba ta da kyan gani a kyamara. Ku yi ta kallon shayin nan, ku ba ni kunnuwanku.

Shafi ɗaya ya isa, kowa ya sa hannu. Bayanan da aka tattara, a wajen wa za su zauna, kuma wa ke da ikon buga wani abu daga cikinsu? In an rubuta maƙala, sunan wa ke gaba, na wa ke bi? Kada ku raina wannan, da shi ake ƙarin girma, kuma ya raba aminai fiye da yadda kuɗi ya raba. Firji da kwamfuta da na'urar auna wuri da aka saya, in aiki ya ƙare a wace makaranta za su tsaya? In ɗaya ya tafi hutun shekara, ko ya samu karatu a waje, ko aka wayi gari an naɗa shi kwamishina ya daina ɗaga waya, wa zai karɓi kunyarsa? Maganganun nan suna da nauyi a baki yanzu, na sani. Amma yanzu da babu kuɗi a ƙasa kowa mai sauƙin kai ne. Tun ran gini tun ran zane.

[Hotuna na wucewa da sauri: hatimi a kan takarda, ƙofar fada, kalanda, alamar intanet na juyawa.]

Sauran a guje. Bincike ne da ya shafi lafiyar mutane, dole kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, ƙa'idar ƙasa kan haka tana nan tun 2007, kuma amincewar kan ɗauki lokaci, ku sa ta cikin jadawali. Kafin ku shiga ƙauye da takardar tambayoyi, ku bi ta fada, ku gai da hakimi da dagaci. Aikin fili ya dace da lokacin da maciji ke sara, ba lokacin da kuka samu hutun zango ba. Kowa ya sabunta takardar tarihin aikinsa, a kuma samo wasiƙar amincewar shugabannin makarantu da wuri. Mutum ɗaya ya bi rubutun daga farko zuwa ƙarshe, don kada shafi na 3 ya ce ƙauyuka 12, shafi na 9 ya ce 15. Kuma don Allah kada a bari sai daren da za a rufe shafin. Ranar ce wuta za ta ɗauke, ranar ce intanet zai yi ta juyawa kamar yadda kuke gani.

[Allon waya kuma.]

Shi kuwa ɗan'uwana mai lambar asusu, na tura masa jadawalin nan, na bar gurbi a gaban sunansa, na ce, "Malam, wanne za ka riƙe mana?" Ga shi nan, alamar ta yi shuɗi, ya karanta. Yau kwana uku.