Ɗalibin shugabanci a ƙofar ma'aikata: yadda ake aikin damawa da kowa

An rubuto wannan ne daga laccar da aka naɗa, wadda aka gabatar wa ɗaliban digiri na biyu masu karatun shugabanci a Katsina.

Assalamu alaikum. Malamai da 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da warhaka.

Nan ba da jimawa ba za a tura ku ma'aikatu da ƙungiyoyi, wasu a cikin birni, wasu Daura ko Dutsin-Ma, ku yi aiki tare da su kan adalci da damawa da kowa: mata, masu buƙata ta musamman, da waɗanda ba 'yan asalin gari ba. Zangon karatu ɗaya gare ku, wata uku ko huɗu. Don Allah kowane rukuni ya ɗauki matsala guda tak wadda za a iya ƙirgawa. Wanda ya ce zai gyara halin ma'aikata gaba ɗaya a wata uku, rahoto mai kauri zai rubuta a jefa a kabad.

Ku shiga da doka a hannu. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila, jinsi, addini ko asalin mutum. Dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce hukumomin gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin nan ya wuce. To, hukuma mai ma'aikata 200 ya kamata a sami naƙasassu aƙalla goma a cikinsu. Ku nemi jerin sunaye ku ƙirga, sannan ku duba matakin aikin kowa. Za a iya samun mata da yawa, amma duk a ƙananan matakai, ba ko ɗaya a teburin da ake yanke shawara. Jimilla kaɗai ba ta nuna wannan, sai an rarraba.

Kafin ƙirga, a rubuta yarjejeniya, shafi ɗaya ya isa: me za ku duba, wa zai riƙa buɗe muku ƙofa, wa zai ga sakamako, ranar gamawa. Ku dage a haɗa ku da wanda ke da ikon sa hannu kan kuɗi. In ƙaramin jami'i aka ba ku, zai karɓe ku hannu bibbiyu, amma ko buhun siminti ba zai iya saya ba.

Na ambaci siminti da gangan, domin mafi yawan abin da za ku tarar a ƙofa yake. Ku tafi da tef ɗin awo. Ƙa'idar gangarar keken guragu ita ce duk tsayin santimita 1 a ba shi tsawon santimita 12. Matakala mai tsayin santimita 30 tana buƙatar gangara mai mita 3.6. Abin da magina suka saba yi shi ne su zuba kankare mita ɗaya su shafe shi sumul, sai ka ga bawan Allah ya turo kekensa ya kai rabi, keke yana komawa baya, da damina kuma ga santsi. A bar fuskar da kaushi, a sa ƙarfen riƙewa. Ku auna faɗin ƙofa, a nemi kamar santimita 90, ku kuma leƙa banɗaki, don nan ake mantawa. Kuma kada ku auna ku kaɗai. Ku gayyato mai keke daga ƙungiyar naƙasassu ya bi hanyar da kansa, a biya shi kuɗin mota da na lokacinsa.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen hira da ma'aikata. Kada a yi ta a ofishin oga, kada ma ya zauna kusa, in ba haka ba "lafiya lau" za ku yi ta ji. Mata su zanta da mata. Kurma a nemo masa mai fassara da hannu, makaho a karanta masa takardar amincewa kafin ya yarda. Sai ku kula da wannan, domin amana ce: cire suna ba ya ɓoye mutum. In mace ɗaya ce a sashen kuɗi kuka rubuta "wata ma'aikaciya a sashen kuɗi ta ce", kun tona mata asiri, ku kun koma makaranta, ita tana nan da ogan. Rukunin ma'aikatan da bai kai mutum biyar ba, a haɗe shi da wani a rahoto. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta hau kanku, saboda haka kada muryoyin da kuka naɗa su yi yawo a WhatsApp.

Ku lura da lafazi. Kalmar "daidaito" takan sa wasu dattawa su ɗaure fuska, su ɗauka baƙuwar aƙida kuka kawo. Ku ce adalci, ku ce haƙƙi, za a saurare ku.

Ranar miƙa aiki, shawara uku sun isa, kowace da kuɗinta da sunan ofishin da zai aiwatar da ranar da za a gama. Ku fara karanta wa waɗanda kuka zanta da su, da Hausa, su gyara abin da kuka ji ba daidai ba, sannan a kai wa shugabanni. Kwafi ɗaya ya zauna a sashenku, domin rukunin baɗi su koma da tef su auna gangarar.