Me Ya Sa Mutanenmu Ba Sa Daɗewa a Shafukan Sada Zumunta na Kirifto?

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Yau daga Istanbul nake magana, ina cikin jirgin ruwan da ke tsallakawa Kadikoy, in kun ji iska na bugun makirfo sai ku yi haƙuri.

Tambayar da ta fi yawa a saƙonninku ita ce wai da gaske akwai shafin da ake biyan mutum in ya yi rubutu? Ƙwarai kuwa. Steemit tun 2016 yake, Ned Scott da Dan Larimer suka kafa shi. A 2020 Justin Sun mai kamfanin kirifto na Tron ya sayi kamfanin Steemit, masu amfani da shi da dama suka ƙi yarda, suka ɓalle suka kafa Hive a watan Maris. Ga Nostr, ga Farcaster, su ma shafukan sada zumunta ne masu kama da waɗannan. Ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda mutanenmu ke shiga da zumuɗi, bayan ɗan lokaci ka neme su ka rasa. Masu harkar sai su ce ai raggwanci ne. Wallahi ban yarda ba.

Duba yadda ake tarbar baƙo. A Facebook lambar waya ce da kalmar sirri, in ka manta a turo maka tes. A Hive kuwa, ranar farko za a damƙa maka mabuɗai huɗu: na wallafa rubutu, na tura kuɗi, na saƙon sirri, sai babbansu na mallaka. Kowanne dogon jeri ne na haruffa da lambobi, kusan 50. In suka ɓace duka, babu ofishin da za ka je ka yi kuka, babu wanda zai dawo maka da su. Nostr ma haka ne, mabuɗinka na sirri shi ne kai. Kamar ka zo gari baƙo, kafin a ba ka ruwa an miƙo maka mabuɗan banki an ce kai ne mai gadi.

Yanzu ku tuna yadda waya take rayuwa a gida. Tana kwana a shagon mai caji, ƙane ya ara, a kai ta wurin mai gyara ya yi mata filashin, komai ya tafi. Wanda ya tsara wannan tsari na mabuɗai ya ɗauka kowa na da kwamfutarsa shi kaɗai da wurin ajiya amintacce. Ga kuma 'yan damfara da ke turo mahaɗin ƙarya su ce sa mabuɗinka ka karɓi kyauta. Sabon shiga ina zai gane wane mabuɗi ake sawa, wane ne ba a nuna wa ko da uwa ɗaya uba ɗaya?

To mu ce ka tsallake wannan. Ka zauna ka yi rubutu mai kyau a Hive, sai ka jira kwana 7 kafin a biya, kuma ƙuri'un da masu karatu suka ba rubutun ne ke yanke ladan. Nauyin ƙuri'ar kowa gwargwadon jarin da ya ajiye ne, saboda haka mutum ɗaya mai ƙarfi ya fi taron talakawa da suka yaba maka. Rabin ladan na masu zaɓe ne. Wani kaso na naka kuma yana zuwa a kulle, in kana so ka fitar da shi duka sai an yi mako 13 ana sakin sa kaɗan-kaɗan. Kuma da wane yare za ka rubuta? Turanci da Sifaniyanci ne suka cika wurin. Ka yi Hausa, masu manyan ƙuri'u ba sa jin ka. Wannan ya fi komai ba ni takaici, don muna da marubuta, mata musamman, da ke zuba labarai a WhatsApp dare da rana, su ne suka fi cancanta da irin wannan dama.

Sai maganar mayar da shi naira. A Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna taɓa harkar kirifto, bai janye ba sai Disambar 2023, a Maris 2024 kuma Binance, babbar kasuwar canjin kirifto, ta daina hulɗa da naira. Ladan da bai kai kuɗin data ba sai ya bi ta hannu biyu ko uku kafin ya shiga aljihu. Kar ku manta kuma mutanenmu sun sha danna waya a wasan kirifto na Hamster Kombat a 2024 suna jiran fashewa, abin da ya fito bai taka kara ya karya ba. Duk wanda ya ji kalmar kirifto yanzu, da ɗari-ɗari yake matsowa, kuma yana da gaskiya.

Ni har yanzu ina son tunanin da ke ƙarƙashin abin: shafinka naka ne, babu kamfanin da zai tashi da safe ya rufe maka. Abin da nake roƙon masu gina manhajojin shi ne su bar mutum ya shiga da sauƙi, ya yi hira, ya sami abokai, maganar mabuɗi da jari ta biyo baya sannu a hankali, kuma da yarensa.

Mun kusa gaɓa, bari in tattara kayana. A bidiyo na gaba zan nuna muku yadda ake rubuta mabuɗan nan a takarda a adana, da wanda ya kamata ku sa a waya. Sai mun haɗu, a gaida mutan gida.