Inda ya kamata sifikokin situdiyonka su zauna

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kallo, barkanmu da warhaka. Yau ba za mu taɓa kwamfuta ba sai can ƙarshe. Kayan aikinmu su ne tef na awo irin na tela, igiya, madubi da salatif. Ƙanena ne riƙe da kyamara, in an zo wajen ja zai ajiye ya kama mini.

Abin da ya kawo wannan darasi, wani ne ya aiko mini da saƙo yana kuka da sababbin sifikokinsa. Ya ce duk waƙar da ya haɗa, in ya sa a mota sai ya ji muryar mawaƙi ta karkata gefe guda, bes, wato sautin ƙasa mai kauri, kuma ya yi yawa. Na ce turo hoton ɗakin. Ina gani, sifika ɗaya an cusa ta a kusurwa, ɗayar tana bakin ƙofa. Na ce malam, kuɗinka bai faɗi ba, ajiyar ce ba daidai ba.

To, mu fara da tebur. Ɗakin nan tsawonsa mita 4, faɗinsa mita 3. Tebur zai fuskanci gajeren bango, sautin ya bi tsawon ɗaki. Sannan tazarar da ke tsakaninka da bangon hagu ta zama daidai da ta dama. Wannan shi ne ginshiƙin sitiriyo, wato sautin da aka raba tsakanin sifikar hagu da ta dama. In bango ɗaya ya fi kusa, sautin da yake dawo maka da shi zai fi ƙarfi, kunnenka ya ɗauka kiɗan ne ya karkata, kai kuma ka je kana gyara abin da bai ɓaci ba.

Kada ka zauna a tsakiyar tsawon ɗaki. A ɗaki mai mita 4 akwai amon ƙasa wajen 43 Hz, wato mai kaɗawa sau 43 a daƙiƙa, da ke kai-komo tsakanin bangon gaba da na baya, a tsakiya kuma yana kashe kansa. Masu sana'ar kan fara da kashi 38 cikin ɗari na tsawon ɗaki daga bangon gaba, wato a nan kusan mita 1 da rabi. Wurin farawa ne kawai, in kunnenka ya ce matsa, ka matsa.

Yanzu alwatika. Ƙane, ajiye kyamarar kan sanda ka kama nan. Daga tsakiyar wannan sifika zuwa tsakiyar waccan, mita 1 da santimita 20. Na ƙulla igiya a wannan tsawo. Daga kowace sifika zuwa kaina ma haka zai kasance. Gefe uku daidai wa daida, kowace sifika ta kauce digiri 30 daga gaban hancina, jimla 60. Ƙarshen alwatikar ya faɗa ɗan bayan ƙeyarka kaɗan, sai ka karkato kowace sifika ta kalli kunnenka.

Me ya sa nake ta fama da santimita? Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, a zafin Kano ma ya ɗan fi haka. Ke nan santimita 34 yana cin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, wannan ɗan jinkirin kuwa ya isa ya ja kusan dukkan murya zuwa sifikar da ta fi kusa da kai. Ko tazarar tafin hannu tana gusar da ita. Babu sifika a tsakiya, ai kuna gani. Ƙwaƙwalwa ce ke ƙirƙiro muryar a can idan sautin biyu ya iso kunne lokaci guda da ƙarfi ɗaya. Dabarar ta tsufa, wani injiniya ɗan Ingila, Alan Blumlein, ya yi mata rajista tun 1931.

Tsayi kuma, wannan ƙaramar da'irar ta sama, mai fitar da siririn sauti, ita za ta yi daidai da kunnenka kana zaune yadda ka saba zama, ba ka miƙe kamar mai ɗaukar hoton fasfo ba. Kuma ka bar sifikar a tsaye. Na san an ga hotunan manyan situdiyo da sifikokin Yamaha NS-10 a kwance, kowa ya kwaikwaya. Yawancin sifikokin yanzu don tsayuwa aka ƙera su. In ka kwantar, ɗan jujjuya kai hagu ko dama sai sautin ya canza.

Ga inda mutane suka fi faɗawa, bangon da ke bayan sifika. Bes ba gaba kawai yake tafiya ba, yana zagayawa baya, ya daki bango, ya dawo ya ci karo da na gaba. In fuskar sifika tana santimita 86 daga bango, amon 100 Hz ne zai nutse, wurin da kiɗan ƙasa ke da nama. Ba ka ji shi ba, sai ka ƙara, a mota kuma ya fashe. Ƙarin EQ, wato abin da ake ƙara ko rage wani amo da shi, ba ya cike wannan rami, don abin da ya dawo ma ƙaruwa yake. A ƙaramin ɗaki gara ka matsar da su kusa da bango, ka bar 'yar tazara don iska ta fita in ramin bes a baya yake. Bes zai ɗan kumbura, amma wannan maɓallin da ke bayan sifika yana rage shi. Kusurwa dai a guje ta.

Kada su zauna kai tsaye kan tebur, katakon zai riƙa rawa tare da su. Sandar ɗora sifika ta fi, in babu, soso mai tauri.

Madubi. Ni zan zauna, ƙane zai bi bangon gefe da shi. Tafi a hankali... tsaya. Nan nake hango sifika a ciki, to nan sauti ke fara dukan bango ya zo kunnena. Sa alama. Ɗakunanmu bulo ne da siminti, ƙasa tayil, komai dawo da sauti yake. A wurin alamar nan za a rataya abu mai kauri, ko da tsohuwar katifa ce, a ɓangarorin biyu. Ƙasa a shimfiɗa kafet. Kwalin ƙwai da ake liƙawa kuwa, wallahi wahalar banza ce, sai tara ƙura da kyankyasai.

Yanzu mu gwada. Kashe fanka. Na sa murya ita kaɗai, na danna mono, wato sifikokin biyu su fitar da sauti iri ɗaya, na rufe ido. Ya kamata in ji ta siririya a gaban hancina, kamar in miƙa hannu in taɓa. In ta karkata, duba maɓallin ƙarar da ke bayan kowace sifika, sau da yawa ɗaya ya fi ɗaya. In kuwa ta watse, ba ka san inda take ba, bes kuma ya tsere, to an juya waya a ɗayansu, duba kebul.

Tawa ta ɗan ja hagu. Bari in tura sifikar hagu baya kamar yatsa biyu... yauwa, ta zauna. Miƙo salatif ɗin nan mu zagaye ƙafafun sandunan da na kujera, don gobe in an zo shara a san inda za a mayar da su.